Nazarin lamari: fankar zuƙe ƙura a wata masana'antar man gyaɗa ta Garwa

A bayan garin Garwa, ta hanyar da ke fita zuwa Pitowa, akwai wata ƙaramar masana'antar man gyaɗa wadda ba zan kama sunanta ba. Gyaɗa na zuwa mata daga kasuwannin Ngong da Gidar da ƙauyukan kewaye, a ɓare ta da inji, a rairaye, a soya, a matse. Mai ya shiga jarkoki, tunkuza kuma ta tafi wurin mata masu ƙuli-ƙuli da masu kiwo. A zaure ɗaya ake duk wannan aiki, dogo mai rufin kwano, kuma ƙurar da injin ɓara da rariya ke tayarwa fanka guda tal ce ke kwashe ta. Tsakanin kaka ɗaya da bazarar da ta biyo ta, fankar nan ta tashi daga aiki lafiya ta kai ga tayar da hayaƙi a ɗakin da ke cike da ƙurar ɓawo. Sana'ata gyaran motocin lantarki masu juya inji da injinan masana'antu ce, ni aka kira bayan faruwar abin.

Fankar irin mai gidan katantanwa ce: iska ta shiga ta tsakiya, farfela ta wurga ta gefe, ta bi bututu zuwa wani babban mazurarin ƙarfe a bayan gini, inda ɓawo ke zubewa ƙasa iska ta fice ta sama. Motar lantarkin da ke juya ta mai kilowat 11 ce, ta wuta mai layi uku, tana juyi wajen 1450 a minti, kuma allon jikinta ya nuna amfiya 22 ce iyakar wutar da za ta ja. Bel uku ne ke haɗa ta da sandar farfela, sandar kuma tana kan boris biyu, wato zobban ƙarfe masu ƙwallaye da take juyi a cikinsu. Gwanjo ce, daga Duwala aka sayo ta.

Tun wurin kafa ta akwai rauni. An sa ta kafin mazurari, wato duk ɓawo da yashi sai sun bi ta kan fukafukanta. Fukafukan kuwa masu lanƙwasa baya ne, irin da aka ƙera don iska mai tsabta, ƙura na son zama a bayansu. Gidan kuma ba shi da ƙofar leƙawa, wanda ke son ganin farfela sai ya kwance bututun gaba ɗungum. Duk da haka ta yi shekaru ba ta ba kowa wahala ba, don busasshiyar ƙurar ɓawo ba ta cika mannewa ba.

Inda abin ya faro

Da kaka ta kama, kasuwa ta buɗe, Alhaji mai wurin ya ƙaro gangar suya. Hayaƙi da tururin mai suka dami ma'aikata, aka kira mai walda ya huda babban bututu ya jona masa reshe daga kan gangar. A ido dabara ce mai kyau, hayaƙi ya ragu tun ranar.

Amma iskar da fanka ke ja ba ta ƙaru ba, raba ta aka yi biyu. Ƙura irin ta hatsi da ɓawo tana bukatar iska mai gudun mita 18 zuwa 20 a daƙiƙa kafin ta zauna a sama cikin bututu. Da gudun ya faɗi a reshen injin ɓara, ɓawo ya fara kwanciya a doguwar miƙar da ke bin bango, hanya ta ƙuntace, jan ya ƙara raguwa. Tururin mai kuma ya haɗu da ƙura a kan farfela ya zama danƙo. Da muka buɗe, abin da muka tarar a bayan kowane fiffike ya yi kama da ƙanzon tuwo a gindin tukunya, baƙi, mai tauri, kaurinsa ya kai ɗan yatsa a wasu wuraren. Hunturu ya ƙara nasa, don ƙurar da ke rufe Garwa daga Disamba zuwa Fabrairu ta ƙofar zauren take shiga, fankar ce kuma ke haɗiye ta.

Dattijon da ya fi kowa daɗewa kan injin ɓara ya ce mini, “Ɗana, tun makon da aka jona bututun suya muryarta ta sauya. Na faɗa, aka ce in ji da injina.” Na ce, “Baba, yaya ta koma?” Ya ce da tana huci, sai ta koma gurnani. Kunnensa ya riga kowace na'ura gano matsalar, amma ba a ɗora wa kowa fankar a wuya ba, don haka maganarsa ba ta da inda za ta sauka.

Gyare-gyaren da suka ƙara dagula ta

Ƙura ta fara tsayawa a zaure, yara na aiki da rawani a hanci, tari ya yawaita. Ba ƙaramin abu ba ne, domin gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da gubar aflatoksin, ƙurarta ma na iya ɗauke da ita, ga ƙaiƙayin ƙirji da kowace ƙurar ɓawo ke jawowa. Aka kira wani bakanike. Bai buɗe gidan ba, ya ce fankar ta yi wa aikin kaɗan, a ƙara mata gudu. Ya cire fulin motar, wato faifan da bel ke hawa, mai faɗin milimita 200 ya sa mai 224.

Nan ne nake son mai karatu ya tsaya, don kuskuren ya yawaita a masana'antunmu. Fanka na da ƙa'idarta. In ka ƙara mata gudu da kashi 12 cikin ɗari, iska ta ƙaru da kashi 12, matsin iskar ya ƙaru da wajen kashi 25, amma ƙarfin da take nema daga mota ya ƙaru da wajen kashi 40, domin shi sau uku ake ninka ƙarin a kansa. Motar da ke jan amfiya 18 cikin kwanciyar hankali sai ta koma wajen 25, ta haura iyakar da ke rubuce a allonta. Na'urar kariya da ke cikin akwatin makunni ta yi aikinta, ta riƙa yanke wuta. Da yankewar ta ishi mutane, wani ya murɗa ma'auninta zuwa ƙarshe. Daga ranar motar ba ta da mai tsaronta.

Sai Maris ya shigo. Yawancin motocin nan an ƙera su ne bisa zafin wuri da bai wuce digiri 40 ba, Garwa kuwa a Maris da Afrilu tana haura haka a inuwa, balle ƙarƙashin kwano kusa da gangar suya. Masu naɗin wayar mota sun san cewa duk ƙarin digiri 10 a cikin naɗin waya yana rage rabin rayuwar abin da ya rufe wayar. Tsagogin jikin motar da ke fitar da zafi sun cike da ƙura, ragar bayanta ta toshe, ƙaramar farfelar da ke fifita ta ba ta samun iska. Lokacin ne kuma ruwa ke ja baya a madatsar Lagdo, wadda tun 1982 take ba arewacin Kamaru wuta da megawat 72 ɗinta, a shiga ɗauke wuta da kawowa, wani lokacin ta zo da rauni. Wuta mai rauni na sa mota ta ƙara jan amfiya. Wata rana da azahar ta ƙone.

Aka kai ta wurin naɗi, aka dawo da ita, aka jona. A mota mai layi uku, in ka musanya waya biyu juyinta ya koma baya. Fankar silin in ta juya baya kowa zai gane, don iskar ta sauya hanya. Mai gidan katantanwa ba haka take ba: ko ta juya baya, ta bakin da ta saba fitar da iska za ta ci gaba da fitarwa, sai dai kaɗan, kuma irin wannan farfela kan ƙara wa mota nauyi a hakan. Aka sa hannu a bakin mazurari aka ji iska, aka ce ta gyaru. Kibiyar da ke nuna hanyar juyi tana nan a jikin gidan, ƙura da tsohon fenti sun binne ta.

Cikin wannan tsakani ne wani ɓangare na danƙon ya ɓalle daga fiffike ɗaya. Muddin dattin ya zauna daidai a kowane fiffike, farfela na iya juyi ba girgiza. Da gefe ɗaya ya zube, ɗaya gefen ya rinjaya. Gram 50 kacal, a nisan santimita 30 daga tsakiya, in ana juyi 1450 a minti, yana fizgar sanda da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 35. A sabon gudun da aka ƙara mata, wajen 1620, fizgar ta kai kilo 44, tana zagayowa sau 27 a kowace daƙiƙa. Boris ne ke shan wannan duka. Notocin gindi suka saki, daɓen siminti ya tsage a kusurwa ɗaya, boris na ɓangaren farfela ya fara zafi.

Yaron da ke share wurin ya taɓa ya ji zafi, ya yi abin da ya ga ana yi: ya ɗauko famfon giris. Kullum da safe sai ya ɗura har ya ga yana tsattsafowa ta gefe. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan, shi kaɗai ne ma ya damu ya taɓa. Amma boris mai gudu ba ya son a cika shi. Gidansa kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi ake sa wa giris, in ya wuce haka ƙwallayen su yi ta kirɓa shi, zafi ya ƙaru. Masu ƙera boris suna da lissafi mai sauƙi: faɗin boris na waje sau kaurinsa, a milimita, sau 0.005, shi ne gram ɗin da za a ƙara. Na wannan fanka 100 ne da 25, wato gram 12 da rabi, shi ma ba kullum ba. Matsin famfon ya ture robar da ke tare ƙura, yashi ya samu ƙofa. Giris ɗin ma kala biyu muka tarar, duk wanda aka samu a kasuwa shi ake sawa, kuma akwai nau'o'in da in suka haɗu sai su tsinke su zube. Giris da ya haura digiri 70, duk ƙarin digiri 15 na rage rabin kwanakinsa.

Na bel gajere ne. Ɗaya ya tsinke, aka sayo ɗaya, aka ɗana shi da sukundireba. Sabon ya fi tsofaffin biyu gajarta, shi kaɗai ya ɗauki kaya. Da ya fara kuka aka sa ƙarfe aka ja motar baya har ya yi tauri, nauyin ya sake komawa kan boris.

Ranar hayaƙi

Wata Laraba da la'asar boris ya cije. Sanda ta tsaya, mota ta ci gaba da juyi, bel na gogar fuli har ya fara narkewa, giris da ƙurar da ke kan gidan boris suka kama ci ba harshe. Baba ne ya ji ƙauri, ya kashe babban makunni, aka rufe wurin da yashi. Allah ya kiyaye, babu wanda ya ji ciwo.

Da na iso na ɗaga kai na ga ƙurar da ke kwance kan ƙarafunan rufi, jikina ya yi sanyi. Ƙurar hatsi da ta abinci in ta tashi ta cika iska ta samu tartsatsi, ba ci take yi ba, fashewa take. A garin Blaye na Faransa, ranar 20 ga Agusta 1997, rumbun hatsi ya fashe ya kashe mutum 11, kuma fankar zuƙe ƙura na cikin wuraren da masu bincike suka fi zargin wutar ta faro. A wata matatar sukari da ke jihar Jojiya ta Amurka, ranar 7 ga Fabrairu 2008, mutum 14 suka mutu, binciken ya fi karkata ga boris da ya yi zafi. Na gaya wa Alhaji waɗannan biyun a tsaye a wurin. Ya yi shiru, sannan ya ce, “Malam, ni duk wanda na kira ya zo ya gyara, kuma na biya shi haƙƙinsa.” Gaskiya ya faɗa. Kowanne ya gyara abin da aka nuna masa, babu wanda aka ce ya duba cikin gidan.

Abin da muka yi

Kafin kowa ya sa hannu, na sa kwaɗo a babban makunni na jefa makullin a aljihu, muka kuma tokare farfela da katako, don iskar da ke bi ta bututu na iya juya ta ko babu wuta. Muka cire bel, na buɗe kwaɗo na ɗan taɓa makunni, nan take muka ga motar na juyi saɓanin naɗin katantanwar. Muka musanya waya biyu, muka kankare kibiyar muka shafa mata jan fenti.

Muka zare farfela muka kankare ta da ƙarfe da burushin waya har farin ƙarfe ya fito, muka bi kowace walda da fitila muna neman tsaga. Muka ɗora sandar kan ƙarafa biyu masu kaifi da aka daidaita, muka bar ta ta mirgina. Gefen da ya fi nauyi kullum shi ke komawa ƙasa, sai a liƙa ɗan ƙarfe a kishiyarsa har ta riƙa tsayawa duk inda aka bar ta. Wannan bai kai awon na'ura ba, amma a gudu irin nata ya wadatar. Boris biyun duka muka sauya, daga dillalin da aka sani, don na jabu sun cika kasuwa kuma kwalinsu ba ya bambanta da na gaske. Fuli mai 200 ya koma wurinsa. Bel uku sababbi, lamba ɗaya, aka sassauta motar aka sa su da hannu. Zare muka ja a fuskar fulolin biyu har ya taɓa wuri huɗu, sannan muka ɗaure yadda in ka danna tsakiyar bel zai nutsa kamar milimita 16 a kowace mita ta tazarar fulolin. Bayan kwana ɗaya zuwa biyu ana aiki aka sake ɗaurewa, don sabon bel na miƙewa. Na'urar kariya ta koma kan 22.

Mai walda ya yanke reshen suya ya toshe hudar, gangar ta samu nata bututun hayaƙi da ya fita ta rufi. Ya yanka mana ƙofar leƙawa a gidan fankar da wasu biyu a doguwar miƙar bututu, da roba a bakinsu. Ɓawon da muka kwaso daga cikin bututun ya cika buhuna. Aka gyara daɓe, aka sa roba ƙarƙashin ƙafafu, aka haɗa bakin fanka da bututu da tamfol don girgiza ta daina bin ƙarfe. Da aka kunna, na ɗora ma'auni kan kowace waya: amfiya ta dawo ƙasa da 20, layukan uku kusan daidai. Takardar da aka saki a bakin injin ɓara ta shige da gudu.

Wanda zai duba, da lokacin da zai duba

Wannan ɓangaren ya fi gyaran wuya. Yaran wurin kan buhu ake biyansu. Duk mintin da inji ya tsaya, daga aljihunsu ya fita. A irin wannan tsari ba wanda zai ce a kashe fanka a leƙa cikinta, kuma ba daidai ba ne a zarge su da sakaci. Na ce wa Alhaji in yana son a kula da ita, sai ya sayi lokacin. Muka yi ta ja, daga baya ya amince: kowace Juma'a a tsayar da aiki awa ɗaya kafin a tafi masallaci, kuma a biya awar. Fankar aka damƙa ta a hannun Baba da sunansa, yaron giris ya zama mataimakinsa, da ɗan ƙari a kan abin da suke samu.

Aikin kullum bai kai minti biyar ba. Da safe bayan ta ɗan yi gudu, Baba ya ɗora tafin hannu kan gidan kowane boris. In bai iya barinsa na ƴan daƙiƙu ba, zafin ya kai wajen digiri 60, a kira ni. Ya kafa bakin sukundireba a gidan ya sa ƙotar a kunne: lafiyayyen boris shuu yake yi sumul, mai yashi kuwa ƙaras-ƙaras. Ya dubi allurar amfiya, ya dubi bakin injin ɓara ko ƙura na tserewa. Ranar Juma'a a sa kwaɗo, a buɗe ƙofa, a kankare fukafukai duka, ba a yin rabi a bar rabi, don kankarar gefe ɗaya ita kanta girgiza ce. A share tsagogin mota da ragar bayanta, a danna bel, a share ƙurar ƙarafunan rufi da tsumma mai laima, ba a busa ta. Ƙarshen wata a bi notoci da sufana, a leƙa bututu, a ƙara giris gwargwadon awo. Mun auna abin da famfonsu ke fitarwa a matsa ɗaya a kan ƙaramin sikeli, muka rubuta adadin matsawar a bango da fenti, kusa da sunan giris ɗin da aka yarda da shi. A hunturu ana matso da lokacin kusa. Akwai littafi rataye a ƙusa, Baba da ajami yake rubuta nasa, yaron da Faransanci, duka ina karantawa.

Makonni kaɗan da farawa littafin ya nuna amfaninsa. Baba ya rubuta cewa boris na ɓangaren fuli ya fi na jiya ɗumi kwana uku a jere. Da na duba, notin da ke riƙe motar ne ya saki, fuli ya goce, bel na jan sanda a karkace. Zare da sufana suka gama aikin kafin a sauke buhun farko.

Abu ɗaya ya rage, kuma ina ci gaba da tuna wa Alhaji. Muddin fankar na gaban mazurari, yashin da ke zuwa cikin gyaɗa zai ci gaba da cin fukafukanta, tsakuwa ko guntun ƙarfe kuma na iya bugun farfela su ba da tartsatsi. Maganin shi ne a mayar da ita bayan mazurari ta riƙa jan iskar da aka riga aka tace, a sa maganaɗisu a bakin injin ɓara. Maganaɗisun an sa. Mayar da fankar na bukatar sabon daɓe da ƙarin bututu da kwanakin da ba a aiki, ya ce a bari sai Yuli ko Agusta, lokacin da tsohuwar gyaɗa ta ƙare sabuwa ba ta iso ba. Kafin nan, duk ƙarshen wata ana auna kaurin fukafukan a rubuta, kuma mun yi da shi cewa in wani ya kai rabin kaurinsa na asali za a tsayar da ita ko da kasuwa na ci.